Ɓerayen Gidan Dubagari

Shekara talatin da biyu Dubagari ya yi yana leƙa randunan mutane da bayan gidajensu. Ko da ya yi ritaya, aikin bai sake shi ba. In ya je gaisuwa sai ya ɗaga murfin kwandon shara kafin ya zauna. Gida ɗaya ne bai taɓa dubawa ba, nasa.

A bayan kicin akwai ɗakin da ya cika da tsofaffin takardun ofis, ɓeraye suka mai da shi unguwarsu. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Ya ce ɓera ba ya zama a gidan ma'aikacin lafiya, sai dai na maƙwabta ya biyo wucewa. Kuma ai ga Sajan, karensa, yana gadi.

Sajan kuwa a kwatamin bakin ɗakin yake shan ruwa. Da damina ta yi nisa ya daina cin abinci, yana ta amai, idanunsa suka yi ruwan ɗorawa. Matar ta ce a kai shi wurin likitan dabbobi. Dubagari ya ce shagwaɓa ce kawai. Da hannunsa mai yankan reza ya riƙa goge fitsarin karen da tsumma, yana yi mata lacca kan tsafta.

Bayan kwana goma zazzaɓi ya kwantar da Dubagari, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Ya yanke hukunci maleriya ce. Sai da idonsa ya koma irin na Sajan aka kinkime shi zuwa asibiti.

Likitar, wadda ba ta kai 'yarsa ta fari shekaru ba, ta tambaya ko akwai ɓeraye a gida.

“Gidan wa?” in ji shi.

“Akwai su, likita,” in ji matar. “Har da jikoki.”

Likitar ta bayyana cewa ƙwayar cutar a fitsarin ɓera take, ta kama karen, ta shige Dubagari ta yankan hannu, har ta fara taɓa ƙoda. Dubagari ya juya fuska bango.

Sati biyu ya yi ana ƙarin ruwa da allurai. Ya dawo ya tarar an yi wa Sajan magani ya miƙe, an toshe kwatamin, takardun kuma sun zama toka. Masu zuwa sannu ya gaya musu gajiyar aikin gwamnati ce ta taso masa. Matar ta ci gaba da zuba musu ruwa.