Barandar hawa na huɗu

Ni ba mai son kare ba ce. A gidanmu na Kano, kare abin da ake jifa da dutse ne daga bakin lungu. Amma shekarar da mahaifin 'yata ya rasu, yarinyar nan ta rufe kanta a ɗaki, ta daina ci, ta daina magana. Wata abokiyar aikina a asibiti ta kawo mana ɗan kwikwiyo, irin wanda ake ce wa pug: gajere, fuska a lotse kamar an zauna a kanta, ido waje. Ranar na sake jin dariyar 'yata. Shi ke nan, na haɗiye ra'ayina.

Rainonsa wahala ne tsantsa. Minshari yake kamar tsohon direba, gashinsa har cikin miya. Kullum sai an goge masa lanƙwasar fuska da auduga, in ba haka ba ta yi wari. Likitan dabbobi ya ja mini kunne cewa hancinsa gajere ne, zafi kaɗan zai iya kashe shi. Tun daga nan na zama mai duba yanayi a waya kamar manomi.

Sai Umma, mahaifiyata, ta zo mana Silver Spring, garin da muke zaune a ƙasar waje, a watan Yuli mai zafi, 'yata kuma ta tafi sansanin yara na hutun makaranta. Umma ta dube shi, ta tattare zanenta.

"A cikin ɗaki yake kwana? Mala'iku ta ina za su shigo?"

Na ce, "Umma, a yi haƙuri, na jikarki ne."

Maganar nan tata kuwa ta hana ni sukuni. Ina auna jinin marasa lafiya, hankalina yana gida.

Ran nan bayan azahar wayata ta yi ƙara. Umma ce. Ashe in za ta yi salla, fitar da shi take yi baranda ta ja ƙofar gilashi, kamar yadda kowa zai yi a gida. Yau ta idar, ta zauna lazimi, gyangyaɗi ya ɗauke ta.

"Ke, abin nan ya kwanta, harshensa ya yi shuɗi."

Na ce, "Umma, ki ɗauko shi, ki kai shi banɗaki ki zuba masa ruwa."

"Da hannuna?"

"Umma, in ya mutu ban san yadda zan dubi yarinyar nan ba."

Ta kashe wayar. Na bar wa abokiyar aikina marasa lafiyata, na fito da gudu. Kowace danja a hanya sai da ta tsayar da ni. Na kira, na sake kira, ba ta ɗauka. Haushinta nake ji, ina jin haushin karen, ina kuka.

A ƙasan banɗaki na same ta zaune, hijabinta sharkaf, karen a cinyarta, tana yayyafa masa ruwa da butar alwala. Yawunsa duk ya ɓata mata hannu. Numfashi yake da ƙyar, amma yana yi. Na sure shi zuwa asibitin dabbobi, suka ce ruwan nan ne ya cece shi.

Da muka dawo, ta yi wanka ta canza kaya.

Washegari ban je aiki ba, na kasa. Da azahar ta yi, na ga Umma ta ɗauki dardumarta ta nufi baranda, rana kuwa tana dukan siminti. Karen yana miƙe a tsakiyar falo yana minshari cikin sanyi.

Na ce, "Umma, zafi fa."

Ta ce, "Ni a Kano aka haife ni. Shi bar shi a ciki."

Ta fita, ta ja ƙofar gilashin, ta tayar da salla.