Baba Mai Buroshi, Mai Gadin Saiwa

Kafin ma'aikata su fara isowa, shi ya riga ya buɗe ƙofar gandun daji. Zai kwashe ruwan jiya daga kwamin siminti da ke bakin ƙofa, ya zuba sabo, ya tsiyaya magani har ruwan ya yi fari-fari, ya jera buroshi a kan benci, sannan ya duƙa ya fara da nasa takalmin. Duk mai shiga, ma'aikaci ko baƙo, sai ya kankare ƙasan takalminsa ya tsoma a kwamin. Mota kuwa sai an wanke tayoyinta. Daga nan suna ya bi shi: Baba Mai Buroshi. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu. A watan jiya ya ajiye aiki, kuma tunda babu wanda ya ga ya dace a tara mutane a gode masa, na ce bari in yi da alƙalamina.

A cikin gandun akwai wani kwari, a kwarin akwai wata bishiya mai farin fure wadda ta kusa ƙarewa. A da akwai irinta a bayan tsauni, funfuna ta cinye su. Ba funfunar da ke fitowa a kan burodi ba, wata ce mai zama cikin ƙasa, ido ba ya ganinta, tana cin saiwa a ɓoye, kafin ganye ya nuna alama aikin gama ya gama. Dakta, matar da ke binciken bishiyoyin, ita ta zaunar da shi tun farkon kama aikinsa ta ce, "Baba, wannan cuta ba ta da ƙafa. Mu ne ƙafafunta. 'Yar lakar da ke manne a takalmi ta isa ta kashe kwarin nan kaf."

Ya ce, "To, 'yata, ta ƙofar nan dai ba za ta wuce ba."

Magana ce mai sauƙin faɗa. Ba'ar da ya sha a kanta sai Allah. Wani direba ya taɓa ce masa, "Baba, ko gidan surukaina ba a taɓa wanke mini ƙafa haka ba." Ya ce, "Ai su 'ya ɗaya suka ba ka, ni amanar daji guda aka ba ni." Wannan ma mai daɗi ce. Akwai masu tsaki, akwai masu zagi. Ƙanin matarsa ya zo neman ɓawon bishiyar zai haɗa magani, yana so ya bi ta bayan shinge, Baba ya hana. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta gaya mini ƙanin nata ya yi shekaru bai taka gidansu ba. Ta ce, "Na yi fushi da Malam a lokacin. Na ce masa itace ya fi zumunci ne? Sai dai na ga hannuwansa duk sun tsattsage da ruwan magani, sai tausayi ya kashe fushin."

Sai ranar da aka yi taron dashen itatuwa. Damina ce, an kwana ana ruwa. Wani babban baƙo ya zo da jerin motoci da masu ɗaukar hoto, tayoyi duk caɓi, a bayan wata mota kuma ga dashe a leda, an sayo a bakin titi da ƙasarsu da komai. Dakta tana wata tafiya. Baba ya tsaya a tsakiyar ƙofa da bokitinsa.

Shugaban gandun ya sauko da sauri ya ce, "Kai, matsa! Ba ka ga ko su wa ke nan ba?"

Ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe. A wanke tayoyi kawai, ni zan wanke da hannuna. Dashen nan kuma a bar shi a waje sai Dakta ta duba."

"Yau babu wannan."

"Ranka ya daɗe, cutar ba ta san yau taro ake ba."

Mai shayin bakin ƙofa ya ga abin da ya biyo baya, shi ya ba ni labari. Ɗaya daga cikin masu tsaron baƙon ya kama kafaɗar dattijon ya ture shi gefe. Santsi ya kwashe shi, ya faɗa cikin kwamin, hularsa na yawo a kan ruwa. Mutane suka kwashe da dariya. Motoci suka wuce har bakin kwari, aka tona ramuka, aka yi dashe, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Washegari jarida ta yabi baƙon da kishin muhalli.

Da damina ta zagayo, ganyen bishiyoyin ƙasan kwarin ya fara rawaya. Dakta ta tono saiwa ta ga ta yi baƙi ta ruɓe, ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. Ta faɗi gaskiya a gaban kwamitin da aka kafa, amma kwamiti ya ga ya fi sauƙi a ce sakacin mai gadi ne. Ai dama inda katanga ta gajarta nan ake tsallakawa. Aka hana shi ƙarin girma har ya bar aiki. Ita kuma aka mayar da ita wani wuri mai nisa.

Baba, a nan ne na san ko kai wane ne. Da wani ne, da ya jefar da buroshi ya ce kowa tasa ta fisshe shi. Kai ne ka ɗauki diga ka haƙa rami mai tsawo tsakanin bishiyoyin da suka kamu da waɗanda suka rage a saman kwari, kamar yadda Dakta ta nuna maka kafin ta tafi. Kai ne ka sare waɗanda suka mutu ka ƙone. Har da babbar nan da ma'aikata ke kira Uwar Garke, wadda mutum biyu ba sa iya rungume ta. Abokan aikinka sun ce da kanka ka karɓi gatari, ka ce kada a ba wanda bai san ta ba. Inna ta ce ranar ka dawo kana warin hayaƙi, ka wanke hannu za ka ci abinci, sai ka ture kwanon.

Ba duk funfuna ce abokiyar gaba ba, wannan ma Dakta ta koya maka. Akwai wata mai farin zare da ke zama da saiwar bishiyar tana taya ta shan ruwa, idan babu ita ƙananan tsirrai ba sa yin ƙwari. Saboda haka ba ka yarda aka yi wa saman kwarin feshi barkatai ba. Ka riƙa ɗibar ƙasa daga gindin masu lafiya kana rainon iri a cikinta. Da yawa sun mutu. Kaɗan sun tsaya, yanzu sun kai ƙugun mutum. Duk abin da ya rage na wannan bishiya a gandun, hannunka ne ya riƙe shi.

Ranar da ya miƙa makulli, na tarar da shi zaune a ƙofar gida. Na ce, "Baba, ka yafe musu?"

Ya ce, "Ɗana, ni ba waliyyi ba ne. Turewar na yafe, jiki ne, ya warke. Amma su ce ni na bar cutar ta shiga? Wannan yana nan a maƙogwarona, ya ƙi wucewa." Sai ya juya ya tambaye ni ko wanda aka sa a madadinsa yana canza ruwan kullum. Na kawar da zancen, domin na bi ta wurin, na ga ruwan kwamin ya yi kwanaki ba a canza shi ba.

Mun gode, Baba. Mun gode da tsayuwar da ka yi kai kaɗai ranar da tsayuwa ke da tsada. Allah ya saka maka da abin da mutane suka hana ka.

Ku kuma masu karatu, a kowace ma'aikata akwai irinsa: mutumin da aka ba ƙaramar doka ya riƙe ta da gaske, muna kiransa mai taurin kai. Idan ya tsayar da ku, ku tsaya. Idan ku aka ba amanar, ku riƙe ta kamar yadda ya riƙe tasa, ko da kun san ba za a gode muku ba. Shi dai yana nan da ransa, kunnensa garau. Mai gaisuwa ya kai masa yanzu. Mun iya yabon mutum a bakin kabari, amma a can babu mai jinsa sai mu da muka makara.