Shafin da Malam Muhyiddin Bai Cike Ba

Duk Bahaushen da ya rasu a Madina cikin shekaru talatin ɗin nan, Malam Muhyiddin ya je zaman makokinsa da littafi a hammata. Sana'arsa gyaran agogo, a wani ɗan shago a unguwar Ƙiblatain da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita. Amma tun da waya ta kashe wa agogo kasuwa, rubutu ya fi cin yininsa.

Littattafansa kashi biyu ne, kuma bai taɓa haɗa su a kanta ɗaya ba. Masu jan bango na ƙagaggun labarai ne, mahajjata da 'yan fashi da jiragen ruwa a Bahar Maliya, duk abin da ransa ya raya masa. Masu baƙin bango kuwa tarihi ne tsantsa: gidan wane daga gari kaza suka taso da ƙafa, shekara kaza suka yi a hanya, ga wanda aka binne kafin a iso. Abin da bai ji daga bakin ganau ba, ba ya shiga baƙin littafi. Yakan ce kaburburan Baƙi'a ba a rubuta musu suna, to bari takarda ta riƙe. Har abin ya zama al'ada: ranar uku, in an zagaya da gahawa, sai wani dattijo ya ce, "Malam, karanta mana asalinsa."

Kaɗaici ya daɗe da zama abokinsa. Matarsa Hibatullah ita kaɗai ta taɓa karanta jajayen littattafan, tana ƙyalƙyala dariya daidai inda ya so a yi kuka, kuma tun da ta rasu ba wanda ya sake buɗe su. 'Yarsu Wafa tana aure a Jidda. Takan kira ranar Juma'a, yana yi mata Hausa tana mayar masa da Larabci.

To, wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya rubuta asalin gidaje ɗari uku bai san garin kakansa ba. An haifi mahaifinsa a hanya, a gonar auduga a Sudan, ya kuma rasu tun Muhyiddin bai yi wayo ba. Mutum ɗaya ta rage da ta ga garin da idonta, Gwaggo Raliya, yayar mahaifinsa, wadda aka taso da ita tana shekara bakwai. Shafin farko na baƙin littafinsa na farko ya rubuta masa "Gidanmu" a sama, ya bar shi sai ya samu sukuni.

Duk sanda ya je gaishe ta a unguwar Aƙiƙ sai ta yi masa tsiya, tana surka Hausarta da Larabci.

"Kai Muhyi, kullum kana bin gidajen mutane da alƙalami. Ta'al, zo ka zauna in ba ka namu."

"Gwaggo, ke ai kina nan. Akwai tsohon da ke kwance rai a hannun Allah, shi zan fara gani. Bukra, gobe in sha Allahu."

"Bukra, bukra. Khalas, shi ke nan, sha shayinka."

Shekara ashirin suna wannan. Shi a ganinsa tsofaffin wasu ne ke mutuwa, tasa tsohuwar kuwa ajiya ce. Wata Talata bayan asuba ta ce kanta na sara mata, kafin azahar an kai ta Harami, aka sallace ta, aka rufe ta a Baƙi'a.

Ranar uku aka jera kujeru a ƙofar gida. Da gahawa ta zagaya, Alhaji Yahya, dattijon unguwar, ya gyara murya.

"Malam, karanta mana asalin Hajiya."

Ya buɗe littafin, ga shafi fari fat. Sunayen garuruwa suka taru a bakinsa, Katagum, Damagaram, Gumel. Kowanne ya faɗa ya zauna, don ba sauran mai ƙaryata shi a doron ƙasa. Ya ma san irin labarin da zai sa maza hawaye, ya sha rubuta irinsa a jan littafi. Ya daɗe yana kallon shafin.

"Ban sani ba, Alhaji," ya ce. "Ban tambaye ta ba."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya rasa wanda ya fi zafi.

Da aka watse, Wafa ta fito daga wajen mata ta same shi zaune cikin kujerun da ba kowa. Ta tsuguna a gabansa, tana laluben Hausar da ta yi shekara da shekaru ba ta yi masa ba.

"Baba, mu... daga ina muke?"

Ya miƙa mata littafin a buɗe. Ta karanta kalma ɗayan da ke sama, sannan ta juya shafin ta duba bayansa, ko a can ya rubuta.