Farin Layi a Gindin Tankin Ruwa

Shekara ashirin da bakwai Baba Jefau ya yi a taragon wasiƙu, kuma aikin da aka san shi da shi bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Akwai wata ƙaramar tasha da jirgin ƙasa ba ya tsayawa. Kullum da hantsi yakan tsaya bakin ƙofar tarago, da ya zo daidai tankin ruwa sai ya saki buhun wasiƙu, buhun ya dira a ƙofar ofishin tasha, taku goma sha huɗu a gaba. Fayil ɗinsa ko ɗigon jan biro babu.

Saura wata biyu ya yi ritaya aka kawo sabon shugaba, mai takardun shaida uku a bango.

"Baba, wannan aikin kintace ne," in ji shugaban. "Na sa an ja farin layi a ƙofar ofishin. Nan za ka riƙa saki."

"Ranka ya daɗe, buhun ai ba ya sauka inda aka sake shi."

"To ina yake zuwa, kasuwa?"

Washegari Baba ya bi umarni. Buhun ya wuce ofishin, ya faɗa kwata. Da azahar aka miƙa masa takardar gargaɗi ta farko a rayuwarsa. Irinta uku ke zubar da lambar yabon ritaya.

Ya kai wa 'yarsa ƙara, malamar kimiyya a sakandare. Ta ɗauki makullin ɗaki ta sake shi ƙasa.

"Ka gani, Baba? Wannan miƙe ya faɗi, saurinsa na ƙaruwa. Jirginku kuwa miƙe yake tafiya, da sauri iri ɗaya. Buhunka duka biyun yake yi: yana ci gaba da gudun jirgin, yana kuma faɗuwa, shi ya sa hanyarsa ke lanƙwashewa."

"Kuɗin makarantar da na biya ke nan? Ki faɗa mini abin da hannuna ya sani?"

"Ka kai wa shugaban a rubuce mana."

"'Yar nan, mai takarda uku ba ya karanta ta huɗu."

Mai sharar tashar ƙanin matar Baba ne. Baba ya aika masa da gwangwanin fenti da saƙo gajere. Ranar Litinin farin layin ya wayi gari a gindin tanki, an kankare na ƙofar ofis tas.

Shugaban ya shigo taragon da kansa don ya sa ido. Baba ya jira layin, ya saki, buhun ya zauna a ƙofar ofis kamar an ajiye shi da hannu.

"Ka ga amfanin ilimi, Baba?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

Ya samu lambarsa. A rahoton ƙarshen shekara, shafi na tara, an rubuta cewa farin layin shugaba ya kawo ƙarshen shekara ashirin da bakwai na jifa da ka.