Motar Yaya Sabo Ba Ta Fita Ƙofa Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabo, a irin wannan lokaci na farkon damina. Duk shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro in ajiye, domin ban san ko kuka zan yi masa ko faɗa ba. Bana dai na ce ko ma wanne ne bari in fitar da shi in huta. Ni ce ƙanwarsa Hajara, kuma ko da yana raye ban saba ɓoye masa magana ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne can bayan Funtuwa. Yaya ne ya fara zuwa Suleja da ya samu aikin akawu a Abuja, ya kama ɗaki biyu a wani gidan haya a Bagama, kamar sauran ma'aikatan da albashinsu bai isa su kwana a inda suke wuni ba. Ni kuma aure ne ya kawo ni unguwar Wambai, nan cikin Suleja, daga baya. Mahaifinmu, Malam, yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya, irin wadda ake kwantar da kujera a loda mata buhunan masara. Da ciwonsa ya tsananta, shi da kansa ya tuƙo ta har Suleja don a kai shi asibiti, Inna na zaune a baya. Ya shigo da ita ta babban get ɗin gidan, ya tsayar a gindin mangwaro, ya kashe. Bai sake tayar da ita ba.

Da Inna ta fita takaba muka ce za mu kai ta tasha mu sa ta a mota. A gida akwai ɗakinta da awakinta, akwai kuma yayarta Iya Abu, wadda ta goye ta tun suna marayu. Inna ta dube mu ta ce, "Abin da ya kawo ni shi zai mai da ni. Ba zan bar motar Malam a garin mutane in koma ni kaɗai ba." Muka ɗauka zafin rashi ne, zai wuce. Ashe mun manta da wa muke magana. Muna ta lallashi, motar na shan ruwa da rana, har ɓeraye suka cinye wayoyinta, injin ya ƙame, kushin ya ruɓe, kajin gidan suka mai da bayanta wurin yin ƙwai. Ganin Inna ba za ta sauka daga maganarta ba, Yaya ya ce to ya ji, da hannunsa zai tayar da motar ya kai ta gida.

Yaya ba bakanike ba ne. Mutum ne da ko maɓallin riga zai ɗinka sai ya warware ya sake in ya ga ya karkace. Da farko ya kira wani mai rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota, mutumin ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ce abu mai sauƙi, a jona nan a jona can, a naɗe da salatif, jibi a kama hanya. Yaya ya sallame shi. Ya ce, "Uwata zan ɗauka, ba buhun gawayi ba." Ya zare wayoyin motar kakaf, ya shimfiɗa su a kan tabarma, ja a gefe, baƙa a gefe, ya riƙa bin kowace daga batir har inda ta ƙare, yana sayo sabuwa yana maye gurbinta. Ranar Asabar da safe yana garejin wani tsohon bakanike yana kallo yana tambaya, da rana yana ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Da ya gama da waya ya koma kan inji. Da sarƙa suka rataye shi a reshen mangwaron suka sauke. Ya wargaza shi ƙusa-ƙusa, ya wanke fistin da fetur a cikin bahon wankin matarsa Rabi, abin da ta daɗe ba ta yafe masa ba. Ya canza ring da gaskit, ya kai lagireto aka toshe inda yake yoyo. Ya ji labarin wata irinta da ta mutu a Lambata, ya je ya kwanto kafreta ya dawo yana murna sai ka ce an yi masa haihuwa. Kujeru kuwa maƙwabcinsa Malam Yohanna ne ya yi, wani mutumin Kagoro mai ɗinkin kushin da suke gida ɗaya. Kujerar baya aka fi wahala a kanta. Yaya ya sa aka ɗaga ta saboda gwiwar Inna, aka ƙara soso a daidai ƙugunta, aka sa yadi maimakon leda don kada ta yi zufa. Sai da Inna ta zauna ta tashi, ta zauna ta tashi, ana kwancewa ana gyarawa, sannan ya yarda.

Ni dai haƙurina ya ƙare tun ana kan waya. Saƙon Iya Abu na zuwa a bakin duk wanda ya zo daga gida, cewa a gaya wa Inna ƙarfi yana ƙarewa, ta zo su gana. Na same shi rannan yana goge wata ƙusa da tsumma na ce, "Yaya, wai gyara kake ko ƙera sabuwa? Tsohuwa fa ake jira, ba gasar kwalliya za a kai ta ba." Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce sannu ba ta hana zuwa. Na ce ya ƙarasa karin maganar mana, ai sai dai a daɗe ba a je ba. Ya yi dariya ya ce bakina ya fi injin zafi.

Wanda bai zauna gidan haya a Suleja ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A garin nan fili ba ya zama fili. Duk inda mai gida ya ga tazarar da katifa za ta shiga, ɗaki yake gani, domin kullum motoci na sauke sababbin masu neman wurin kwana. Wata rana mai gidan su Yaya ya zo ya ce zai rushe get ya gina shaguna biyu a gaba, ya bar ƙofar shigar mutum. Ya ce a tura motar waje kafin magina su fara. A lokacin motar na kan bulo, ba taya, injin na kan tabarma, gilasai na jingine a ɗaki. Yaya ya san in ta kwana a titi a haka, kafin mako ko ƙofa ba zai samu ba. Mai gida ya ce to ba damuwa, bayan gidan ai kango ne, ranar da ta tashi sai a fasa katangar baya ta fita, a mayar da bulo. Suka yi musafaha a kan haka. Yaya ya yarda da maganar baki a kan katangar da ba tasa ba, ya manta kayan aro ba ya rufe katara.

Shagunan suka tashi. Kafin Yaya ya mayar da injin mazauninsa, aka sayar da kangon baya, wani ya dasa bene mai hawa biyu a jikin katangar, ko kyanwa ba ta ratsa tsakaninsu. Muna gani ana jera bulo, shi ma yana gani. Ya je wurin mai gida, mai gida ya ce a yi haƙuri, in hayar mai shagon dama ta ƙare zai duba yiwuwar fasa shi. Hayar ta ƙare, aka sabunta.

Ina wurin ranar da ta tashi. Wata Asabar ce da hantsi. Ya zuba baƙin mai, ya ɗaura batir, ya yi bisimilla ya murɗa mabuɗi. Ta yi tari, ta yi shiru, ya sake, sai ga ta ta kama, lafiya lau, ba hayaƙi ba kakari. Fitila ta kama, sigina ta kama, hon irin na zamanin Malam ya cika gidan. Mata suka yi guɗa, Malam Yohanna ya cire hula yana cewa, "Oga Sabo, wannan moto ya fi ni lafiya!" Inna ta fito ta dafa bonet tana hawaye. Sannan guɗar ta mutu da kanta, domin kowa ya ɗaga kai ya dubi katanga huɗu da 'yar ƙofar da ko amalanke sai an karkata take wucewa.

Daga ranar ya ɗauki wata al'ada. Ya ce mota in ba ta motsi lalacewa take. Duk Asabar sai Inna ta yi wanka ta yafa mayafinta, ya buɗe mata ƙofar baya ta zauna a kujerarta. Ya ja motar daga gindin mangwaro zuwa bakin rijiya, ya sa ribas ya dawo, ya sake. Yaran gidan suna dariya, manya suna kau da kai. Shi kuwa yana ta sintiri wurin mai gida, yana haɗa shi da limamin unguwa, yana cewa shi zai ɗauki nauyin fasawa da mayarwa. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Yaya ya dafa, na gani da idona, romon ne bai sha ba.

Wata Litinin da safe ya shiga motar haya zuwa aiki, irin waɗanda ake cusa mutum biyu a gaba, huɗu a baya. Waɗanda suka je wurin sun ce birki ne ya ƙi a gangara. Sun ce ƙofar motar da igiya aka ɗaure ta, wayoyin ƙarƙashin sitiyari kuwa a waje suke, an naɗe su da salatif. Mutumin da ya ƙi ɗaukar uwarsa a kan waya ɗaya mai jone, a irin wannan motar ajalinsa ya same shi, tasa na gida da mai a cikinta. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na yarda da ƙaddara, amma wallahi har yau abin na ci mini rai.

Bayan Rabi ta fita takaba ta koma gidansu da yara, na ɗauko Inna zuwa wurina. Mai gida ya aiko cewa yana son filin gindin mangwaro. Mijina ya roƙe shi a fasa shagon, mai gida ya ce haba, wa zai rushe shago saboda tsohuwar mota? Masu saye suka zo suka ji ƙarar injin suka yaba, suka dubi ƙofa suka tafi. A ƙarshe 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, ne suka zo da mai walda. Na tsaya na ga an sa wuta an yanka rufin, an raba ƙofofi, an fizge wayoyin da ya bi ɗaya bayan ɗaya an dunƙule su don a ƙona a ciri jan ƙarfen ciki. Gunduwa-gunduwa aka fitar da ita ta 'yar ƙofar nan. Malam Yohanna ne ya shiga tsakaninsu, ya kwance kujerar baya da hannunsa, ya ɗora a keke ya kawo mini Wambai.

Inna ba ta ƙara shiga wata mota ba tun ranar da aka kawo gawar Yaya. Iya Abu ta rasu ba su gana ba. Bayan haka 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, mutane suka watse, yanzu an ce ciyawa ce a tsakar gidanmu. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Hanyar da ya yi wa tanadi ba a binta sai da addu'a a baki, garin da zai kai Inna babu kowa a cikinsa, man da zai zuba ya fi ƙarfin akawu irinsa. Na bi ta Bagama kwanan baya na leƙa gidan. An sare mangwaron, ɗakuna uku ne a wurin, wasu samari ma'aikata na zaune a ƙofa suna latsa waya, ba wanda ya san an taɓa ajiye mota a nan. Ina jin da zai tsaya ya duba yadda aka ja wayar wutar ɗakunan, ya girgiza kai, ya ce aikin banza.

Na daɗe ina auna shi. Wani lokaci in ce garin neman gira ya rasa ido, da ya bi shawarar mai rewaya da Inna ta ga yayarta. Wani lokaci kuma in tuna motar da ta kashe shi, in ce ashe ya san abin da yake gudu. Ban iya raba gardamar nan ba, kuma na daina ƙoƙari. Abin da na sani shi ne ban taɓa ganin mutumin da ya so uwarsa da hannuwansa kamar Yaya ba, kuma daga duk wahalar shekarun nan abin da ya rage kujera ce guda ɗaya, wadda har yau ɗinkinta bai saki ba.

Tana barandata, a jingine da bango. Inna ta tsufa ƙwarai, tunaninta ya fara tafiya yana dawowa, amma Asabar ba ta ɓace mata. Ta yi wanka, ta yafa mayafi, ta ɗaura 'yar jakarta, ta zauna a kai. Asabar ɗin da ta wuce ina shara ta kira ni ta ce, "Hajara, Sabo bai tayar da motar ba ne?"

Na ce, "Yana duba waya, Inna."

Ta gyara zama, ta shafa yadin kujerar. Ta ce, "To, ki daina damunsa da bakin nan naki. Ce masa ya yi a hankali. Iya Abu za ta jira."