Manhajar Bin Sawu da Jikan Gwaggo

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta taso daga Dogon Dawa ne don abu ɗaya: ta ga jikanta. 'Yarta ta haihu a Legas, kuma an gaya mata cewa a shagona na kwamfuta da ke cikin Birnin Gwari ana ganin mutum a gilashi yana magana. Ta shigo motar kasuwa da ƙullin daddawa da kuka, ta bar masararta a gona ba a karya ba. Ranar da ta iso kuwa, ranar intanet ɗin shagon ya ɗauke.

Eriyar da ke kan rufina tana kallon wani turken sadarwa a bakin daji, daga nan saƙo ke tsallakawa turke zuwa turke har Kaduna. Wayar hannu kuwa a lokacin sai ka hau wani tudu a bayan gari kafin ka samu abin da zai ɗauki murya da ɗan ƙaramin saƙo. Bidiyo ba ya tafiya a can, ƙafar Gwaggo ma ba ta hawan tudu.

Washegari na hau tudun na kira injiniyan kamfanin da ke ba ni layi. Ya ce ba zai biyo wannan hanya ba sai ya ga hujjar cewa matsalar a turkensu take, ba a shagona ba. Ban ga laifinsa ba, kowa ya san yadda ake jiran rakiyar jami'an tsaro kafin a shiga dajin nan. Hujjar da yake so ita ce sakamakon manhajar bin sawu, wadda ke tura saƙo ta lissafo maka kowace na'ura da ya ratsa har inda ya mutu. Ina da ita a kwamfutata. Na sauko na kunna, na koma tudu na tura masa.

"Malam, wannan tsohuwar ce," in ji shi. "Na'urorinmu ba sa amsa irin saƙonta. Sauke sabuwar, ita ce ke da zaɓin da nake so."

Ƙunshin manhajar ƙarami ne, amma sai da rana ta gasa ni kafin ya gama shiga waya. A shago na zuba shi a kwamfuta, na ce ya shiga. Kwamfuta ta ƙi. Wai wannan ƙunshi da wanda ke ciki ba sa zama tare, domin dukansu suna ɗaya suke amsawa, kuma wuri ɗaya suke son zama, kamar 'yan kasuwa biyu da aka rubuta wa rumfa ɗaya. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Mutane masu ilimi sun haɗa kayan aiki biyu, an rasa wanda zai ce kai ɗauki wannan suna, kai kuma ɗauki wancan.

Na sake hawa tudu. Injiniya ya ce, "Cire tsohuwar mana, ai ba wani abu ba ne. In ka so ka mayar da ita daga baya."

Na cire. Sabuwar ta fara shiga, sai ta tsaya. Wai tana buƙatar wani ƙunshi kuma, irin wanda ya fi na kwamfutata sabunta. Na ce to a dawo da tsohuwar, sai kwamfuta ta ce za ta je intanet ta ɗauko. Intanet ɗin da nake nema ke nan. Da safe ina da manhaja ɗaya mai rabin amfani, da la'asar ba ni da ko ɗaya.

Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Masu shirya waɗannan ƙunshi sun ɗauka duk wanda ya cire abu, hannu kawai zai miƙa ya ɗauko wani. A tunaninsu babu mutumin da zai buƙaci kayan gyaran layi a lokacin da layin ya mutu. To yaushe ake neman su in ba lokacin ba?

Gwaggo tana zaune a benci duk tsawon wannan, ta ɗaura ɗankwalinta na biki saboda kada surukinta ya gan ta a hargitse. Duk shigowata sai ta gyara zama.

"Ɗan nan, ya buɗe?"

"Saura kaɗan, Gwaggo."

"Tun jiya kake cewa saura kaɗan. Ko dai in zo in yi masa magana da kaina?"

Ƙunshin da ake buƙata shi ma ya nemi wani, wanin kuma ya fi ƙarfin sabis ɗin tudu. Kwanaki suka ja. Daga ƙarshe wani direba ya kawo saƙo cewa maƙwabtan gonarta sun fara karyar masara tare, kuma ba a zuwa gonakin bakin daji mutum ɗaya. In ta rasa wannan gayya, amfanin shekara ya tafi. Ta kwance ɗankwalin ta ninke, ta bar mini daddawar in aika Legas. Na raka ta tasha ina jin kunya da takaici.

Layin ya dawo bayan tafiyarta, ban san wanda ya gyara ba, ban kuma tambaya ba. Kiran farko da ya shigo daga Legas ne. 'Yarta ta ɗago jaririn har fuskarsa ta cika gilashin, tana dariya.

"Yaya, ina Inna? Matso mini da ita, ya farka."

Na juya kwamfutar na nuna mata bencin.