Inda Faifan Yake Tsayawa

A gidanmu na Fagge, Yaya ne mai fassara mana fim. Ba ya jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma wa ya isa ya faɗa masa haka? Da an sa faifai zai rage sauti, ya zauna gefen talabijin, ya yi muryar jarumi, ya yi ta bos, sannan ya maƙe murya ya yi ta budurwa har sai Inna ta jefe shi da mafici. Ni ce auta, kullum ina gindin ƙafarsa baki buɗe.

Akwai faifan da muka fi so. Babu bos a ciki, babu faɗa. Wasu samari ne suka baro ƙauye suka zo birni, suna dakon dilolin yadi a wani katafaren kanti, suna kwana jere a saman bene kamar kifin gwangwani. Jarumin siriri ne, ya bar ƙanwarsa a ƙauye, burinsa kawai ya buɗe nasa shagon. A lokacin Yaya ma ya fara dako a kasuwar Kwari, don haka idan yana yin muryar yaron nan ba ya sa wasa.

Matsalar ita ce faifan ya karce. Daidai inda jarumin ya tsaya a tashar jirgin ƙasa rungume da wani ƙulli, hoton sai ya daskare. Mun goge shi da riga, da yawu, har da man goge baki, a banza. Sai Yaya ya riƙa ƙarasa mana da baki: yaron ya hau jirgi, ya buɗe shago mai ƙofa biyu, ƙanwar na ciki tana auna yadi. Idan ya zo nan yakan dungure mini kai.

Aure ne ya kawo ni ƙasar waje, birnin Greensboro, kuma aikin kula da tsofaffi nake yi. Shekaru suka tura, hirarmu da Yaya ta ƙanƙance ta koma gaisuwa. Ina wuni, ya iyali, ya kasuwa, alhamdulillahi. Mutumin da yake yin murya goma a zama ɗaya ya koma yi mini magana kamar surukarsa. Abin yana ba ni haushi, har nakan yi fushi in daina kira, sai kewarsa ta ci ƙarfina in sake kira, mu sake gaisawa.

Bara aka tura ni wani gida a Summerfield, wani gari kusa da mu, wurin wata tsohuwa 'yar Indiya da ɗanta da matarsa ke bari idan sun fita aiki. Mama nake ce mata. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa, ta kunna fim, na ɗaga kai na ga saman benen nan da samarin a jere. Na ce mata na san wannan fim ɗin Indiyancin. Ta ɓata rai, ta ce ba kowane yare ne ɗaya ba, wannan Tamil ne, yaren uwarta. Na ba ta haƙuri, idona na kan talabijin.

Aka zo tashar jirgin, hoton kuwa bai tsaya ba. Ashe ƙullin ba nasa ba ne. Zannuwa ne ya haɗa wa ƙanwarsa, wadda aka aurar, jirgin zai wuce da ita wani gari mai nisa. Ya miƙa mata ta taga, jirgi ya tashi, shi kuma ya koma kanti ya sunkuya aka ɗora masa dila. A nan fim ya ƙare. Na yi kuka har Mama ta miƙo mini gefen mayafinta.

Na yi ta shawara ko in bar wa Yaya ƙarshensa mai ƙofa biyu. Amma ni muryarsa nake nema. Washegari da rana, da na gama shafa wa Mama mai, na roƙe ta ta mayar mini da wurin, na kira shi ta bidiyo. Can bayan la'asar ne, yana zaune a kan dila a Kwari, furfura ta cika masa gemu.

"Auta, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Yaya. Aiki na kawo maka."

Na rage sauti, na juya wayar ta fuskanci talabijin. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Jirgi ya iso, yarinyar ta leƙo ta taga. Sai na ji ya gyara murya, ya maƙe ta kamar da, duk da yanzu ta dushe.

"Yaya, zan tafi in bar ka da kaya."

Ya dawo muryar jarumin. "Tafi abinki, Auta. Shagon nan dai ban buɗe ba. Shi ya sa idan kin kira nake rasa abin da zan ce miki."

Yarinyar cikin fim ba auta ba ce, mu duka mun sani. Na juyo da wayar, na ce masa ni ba shago na kira ba, shi na kira. Ya buɗe baki zai amsa, wani ya ƙwala masa kira, mota ta iso da kaya.

"Kada ki kashe," in ji shi da muryarsa ta ainihi. "Bari in sauke wannan in dawo."

Ya ajiye wayar a kan dilar. Na zauna a falon Mama, man ƙafarta na bushewa a hannuna, ina kallon kwanon rufin Kwari ina jiransa.